Kamfani ya aiko min da takardar lauya kan maganar ruwan unguwarmu: in ba da haƙuri ko in tsaya?

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau kam abin ya zo kaina. Kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki.

Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare, shekarata 14 ina koyarwa. A bayan unguwarmu akwai rafi, a samansa kuma akwai wata masana'anta da ba zan ambaci sunanta ba. Tun bara muka lura ruwan yana sauya kama. Da rana lafiya lau, amma da asuba sai ka tarar ya yi baƙi-baƙi, kumfa mai kauri ta taru a gefe, ga wani wari mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ɗalibaina ne suka fara kawo min zancen. Wani yaro ya naɗe hannun rigarsa ya nuna min ƙuraje tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ya ce duk masu wasa a rafin haka jikinsu yake. Na je da ƙafata sau uku kafin gari ya gama wayewa. Na ga bututun da idona, yana fitowa ta ƙarƙashin katangar masana'antar, an rufe bakinsa da busasshiyar ciyawa. Na ɗauki hotuna da bidiyo, har da matattun kifaye da na ƙirga guda 31 a wuri ɗaya.

Mu 11 muka haɗu muka buɗe zaure a WhatsApp. Mun rubuta wa kamfanin wasiƙa sau biyu, shiru kake ji. Mun kai kuka hukumar da ke kula da muhalli, aka ce za a turo jami'ai, har yau muna zuba ido. Da tura ta kai bango sai na sa hotunan a Facebook, na rubuta abin da na gani. Na rufe rubutun da cewa: "Sun san guba suke zubawa, kuma sun toshe bakin jami'an da ya kamata su hana su." Cikin kwana biyu abin ya yaɗu fiye da yadda na zata.

Ranar Litinin wani ɗan aike ya kawo min ambulan har makaranta, a gaban ɗalibai. Takarda ce mai shafi uku, mai kauri, an jera sunayen lauyoyi 9 a gefenta daga sama har ƙasa. Sun ce na shafa wa kamfanin kashin kaji da gangan, na jawo masa asara. Sun ba ni kwana 7 in goge rubutun, in buga neman afuwa da kalmomin da su suka tsara min, in kuma sa hannu cewa ba zan ƙara ambaton kamfanin a ko'ina ba har abada. In na ƙi, mu haɗu a kotu. Diyyar da suka ambata kuwa na zauna na lissafa, albashina na shekara 200 ba zai biya ta ba. Sun kuma aika wa shugaban makarantarmu kwafi, ya kira ni ofis ya ajiye min takardar a kan tebur, ya kasa haɗa ido da ni.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne zauren namu. Mu uku kaɗai aka aiko wa takarda. Na ɗauki hoton shafin farko na tura, ina riƙe da wayar ina kallo: wane ya fita, wance ta fita, wane ya fita. Kafin magariba mun koma mu 4. Wata ƙawata da muka yi shekara 20 tare ta kira ni tana kuka, ta ce maigidanta ya ce ta goge duk abin da ta taɓa rubutawa a kan rafin. Ban ga laifinta ba, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Amma cikin mutum 7 ɗin da suka fita ba wanda aka aiko wa ko da layi ɗaya, kuma ga shi an riga an rufe musu baki.

Mahaifiyata ta ce faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa, in ba su haƙuri in huta. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma na ga yadda ya daɗe yana kallon shafin da aka rubuta diyyar.

Don Allah ku taimaka min. Ta yaya kamfani, wanda ba shi da rai balle zuciyar da za ta ɓaci, zai yi ƙarar mutum kan ɓata suna? In abin da na faɗa gaskiya ne, me zai sa in ji tsoro? In kuma na ba da haƙurin, me zan ce wa yaron da ya nuna min hannunsa?

Lauya Mai Zaman Kansa ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya kawo mafita. Kafin komai: kada ki sa hannu a kowace takarda, kada ki mayar musu da amsa da kanki, kada kuma ki ƙara rubuta komai a kan kamfanin sai kin zauna da lauya ido da ido ya karanta wasiƙar. Dokar ɓata suna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da zan faɗa shimfiɗa ce kawai. Ki kuma sani wa'adin kwana 7 nasu ne, ba na kotu ba. Wasiƙar lauya ba sammaci ba ce.

Abin da aka yi miki yana da suna. A shekarun 1980 wasu malaman Jami'ar Denver a Amurka, George Pring da Penelope Canan, sun bi diddigin irin waɗannan ƙararraki suka laƙaba musu SLAPP, wato ƙarar da aka shirya don hana mutane sa baki a al'amuran da suka shafi jama'a. Ni ina kiranta ƙarar toshe baki. Alamominta duk suna cikin takardarki: diyyar da za ta sa gaban mutum faɗuwa, a tsinci mutum ɗaya-ɗaya maimakon a tunkari babbar jarida mai lauyoyinta, a nemi alƙawarin shiru na har abada, a aika kwafi wurin aiki. Mai irin wannan ƙara sau da yawa bai damu ya ci shari'ar ba. Kuɗin lauyoyinsa na cikin kasafin kamfani. Ke kuwa kowane zama sai kin nemi izini a makaranta, kin biya lauya, kin wuni a kan benci, a ƙarshe a ɗage zuwa wata uku. Shekara uku a haka, ko an ba ki gaskiya kin riga kin jigata, kuma duk wanda ya kalle ki ya ɗauki darasi.

Tambayarki ta farko. A ƙasashe da yawa doka na ɗaukar kamfani tamkar mutum, yana iya mallaka, yana iya yin ƙara, kuma ana lissafa sunansa a cikin dukiyarsa. Amma wasu sun ga ɓarnar hakan sun taka birki. A Ostireliya, tun dokokin 2005, kamfanin kasuwanci mai ma'aikata 10 zuwa sama ba shi da ikon shigar da ƙarar ɓata suna. A Ingila dokar 2013 ta ce kamfani sai ya nuna cewa maganar ta jawo masa babbar asarar kuɗi, ko tana iya jawo masa, kafin a saurare shi.

Ta biyu ita ce mai ɗaci. Gaskiya kariya ce, amma sanin gaskiya daban, tabbatar da ita a gaban alƙali daban. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, nauyin hujja a kanki yake: ke za ki nuna abin da kika faɗa haka yake. Amurka ce ta juya wannan, musamman tun shari'ar jaridar New York Times da Sullivan a 1964, inda Kotun Ƙoli ta ce jami'in gwamnati sai ya nuna mai maganar ya san ƙarya ce ko ya yi ko-oho da gaskiyarta.

Yanzu ki raba rubutunki. Bututu, kumfa, wari, kifaye 31, wasiƙu biyu da ba a amsa ba: waɗannan kin gani, kina da hoto, a nan ƙafarki take da ƙarfi. Jimlarki ta ƙarshe kuwa, Malama, ita za su kama. "Guba" sai ɗakin gwaji ya tabbatar. "Sun sani" magana ce a kan abin da ke zuciyarsu. "Sun toshe bakin jami'ai" zargin cin hanci ne, kina da shaida? In babu, ki gaya wa lauyanki tun ranar farko.

Ki adana hotunan na asali masu kwanan wata, ki ajiye kwafi a wuri biyu da ba wayarki ba. Ki tattara wasiƙun da kuka aika. A ɗebi ruwan a gaban shaidu a kai ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi. Yaran da ke da ƙuraje su ga likita, da yardar iyayensu, a samu rubutu. Ki kuma nemi ƙungiyoyin lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan Adam ko muhalli, wasunsu suna ɗaukar irin wannan shari'a kyauta.

Tsohon Edita ya amsa:

'Yata, sannu. Na yi shekara 30 a aikin jarida, irin wannan takarda mai kauri ta sha sauka a kan teburina, kuma zan gaya miki gaskiya: akwai labarai na gaskiya da na hana bugawa saboda ita. Ba wanda ya kai ni kotu a kansu. Ni da kaina na lissafa kuɗin lauya, na dubi albashin ma'aikata, na jefa labarin a aljihun tebur. Har yau wasu suna min nauyi a zuciya. Shi ya sa na gane abin da kike faɗa game da mutum 7 ɗinki.

Bari in ba ki labarin wasu mutum biyu, ki auna da kanki.

A 1986 wata 'yar ƙaramar ƙungiya a Landan ta fara raba wata takarda a ƙofar shagunan sayar da abinci na McDonald's, tana zargin kamfanin da abubuwa da dama: ƙarancin albashi, yaudarar yara da talla, azabtar da dabbobi, lalata dazuzzuka, abinci mai cutarwa. Kamfanin ya ɗauki hayar masu leƙen asiri suka shiga cikin ƙungiyar suna halartar tarukanta. A 1990 ya aika wa mutum 5 sammaci. Uku suka ba da haƙuri, don a lokacin gwamnatin Ingila ba ta biya wa talaka lauya a shari'ar ɓata suna. Biyu suka ƙi: Helen Steel, mai aikin lambu, da Dave Morris, tsohon ma'aikacin gidan waya.

Su suka tsaya wa kansu a kotu. Wani matashin lauya yakan ba su shawara kyauta a bayan fage, sunansa Keir Starmer, wanda ya zama firaministan Birtaniya a 2024. An fara zama a watan Yunin 1994, ba a yanke hukunci ba sai Yunin 1997. Kwana 313 ana zaman kotu, shaidu kusan 130, shari'a mafi tsawo da aka taɓa yi a Ingila. Ki kwatanta: a ɓangare ɗaya manyan lauyoyi da masu ɗauke musu jaka, a ɗayan mutum biyu da ke karanta tarin takardu cikin dare don su yi wa ƙwararru tambayoyi da safe.

Alƙalin ya ce sun kasa tabbatar da wasu zarge-zargen, irin na lalata dazuzzuka da jawo yunwa a ƙasashe matalauta, ya yanke musu diyyar fam 60,000, aka rage zuwa 40,000 a ɗaukaka ƙara a 1999. Amma ya kuma rubuta a hukuncinsa cewa gaskiya ne kamfanin yana ci da gumin yara ta hanyar talla, yana biyan ƙaramin albashi, kuma yana da hannu a azabtar da wasu dabbobin da ake kiwata masa. Ba su biya ko kwabo ba, kamfanin ma bai bi kuɗin ba. Takardar da aka so a binne ta shiga intanet, aka fassara ta zuwa harsuna da dama. A watan Fabrairun 2005 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa Birtaniya ta tauye musu haƙƙin samun shari'ar adalci da 'yancin faɗin albarkacin baki, tunda an bar su ba lauya a gaban ƙaton kamfani.

Mutane suna son ba da wannan labari a matsayin nasara, kuma nasara ce. Amma ki ƙirga daga 1990 zuwa 2005. Shekara 15 na rayuwar mutum biyu. Ni ban taɓa zargin ukun da suka ba da haƙuri ba, kuma ba zan zarge ki ba in kika bi hanyarsu. Abin da na koya daga labarin shi ne, inda suka yi magana a kan abin da za su iya kawo wa shaida, har alƙali ya bi bayansu, inda suka ɗauko abin da ya fi ƙarfin hujjarsu kuwa nan aka kayar da su. Lauya ya gaya miki daidai game da jimlarki ta ƙarshe. Da kin kawo min rubutun a matsayin edita, da na buga hotunan a shafin farko, na soke wannan layi ɗaya.

Shawara ɗaya daga tsohon ɗan jarida: kada ki bar takardar nan ta zama sirri. Ƙarfinta yana cikin ki karanta ta ke kaɗai a ɗaki cikin dare. In lauyanki ya amince, a bar 'yan jarida su san cewa kamfani yana barazana ga malamar makaranta saboda hoton rafi.

Manajan Masana'anta ya amsa:

Malama, ina tausaya miki, kuma in bututun nan gaskiya ne to abin da suke yi zalunci ne. Amma ku bar ni in faɗi ɗaya ɓangaren, don na ga kowa a nan ya ɗauka duk kamfanin da ya je kotu azzalumi ne.

Ina kula da wata ƙaramar masana'anta mai ma'aikata 60 da 'yan kai. Shekara uku da suka wuce wani ya ɗauko hoton da ba na wurinmu ba, ya sa a intanet ya ce kayanmu ne suka kwantar da yara a asibiti. Ƙarya ce tsagwaronta. Cikin mako biyu dillalai suka daina ɗaukar kaya, motoci suka riƙa dawowa a cike. Sai da muka sallami mutum 18, ni da hannuna na miƙa musu takardun, akwai wanda matarsa ke da tsohon ciki. Hukuma ta gwada kayan ta ce lafiyarsu ƙalau, amma wa ya yaɗa wannan? Dokin mai baki ya fi gudu. Da muka nemi mai rubutun ya janye sai ya ce muna son toshe masa baki.

To ina za mu je in ba kotu ba? In aka ce kamfani ba zai yi ƙara ba, an ba kowa lasisin rusa abincin mutane da waya ɗaya. Sunan kamfani shi ne albashin leburan da ke ciki. Kuma Malama, ki yi haƙuri, zargin cin hanci ba ƙaramin abu ba ne. Jami'an da kika ce an toshe wa baki su ma mutane ne masu iyali. Magana zarar bunu ce.

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Yallaɓai Manaja, abin da ya same ku ba daɗi, kuma ba wanda ya ce a halatta ƙarya. Ko a Ostireliya da Barista ya ambata, babban kamfani na iya yin ƙara in an yi masa ƙarya da mugun nufi, sai dai shi zai kawo hujjar ƙaryar da ta asarar. Ka dubi bambancin: ku kun kai kayanku an gwada, kun nemi a janye ƙarya ɗaya. Waɗannan ba su ce zo mu gwada ruwan ba. Cewa suka yi ta yi shiru har abada, suka kuma kai ƙararta wurin shugabanta.

Dokokin hana ƙarar toshe baki an yi su ne don a tace irin naku daga irin nasu tun a bakin ƙofa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1992, wanda aka yi ƙara kan maganar da ta shafi jama'a yana iya neman a kori ƙarar tun farko. Sai a tsayar da komai, a ce wa mai ƙara ya nuna yana da alamar nasara. In ya kasa, a kori ƙarar kuma shi zai biya lauyan wanda aka yi ƙararsa. Mai gaskiya irinku zai wuce wannan ƙofa lafiya.

Inda babu irin wannan doka, ga abin da ke faruwa. Jihar Dakota ta Arewa a Amurka ba ta da ita. A can kamfanin Energy Transfer ya yi ƙarar ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace kan zanga-zangar da 'yan asalin yankin Standing Rock suka jagoranta a 2016 da 2017 game da bututun mai na Dakota Access. A watan Maris na 2025 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ɗora wa ƙungiyar diyyar sama da dala miliyan 660, kan ɓata suna da wasu tuhume-tuhumen. A Tailan kuwa ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Wani mai fafutukar haƙƙin ma'aikata, Andy Hall, ya yi hira da baƙin ma'aikata 'yan Myanmar a wata masana'antar abarba don rahoton ƙungiyar Finnwatch na 2013, kamfanin Natural Fruit ya maka shi a kotu, a 2016 aka yanke masa ɗaurin shekara 3 da aka jingine, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Kafin nan ya riga ya bar ƙasar.

Amma Anti Malama, ana samun ci gaba. A Afirka ta Kudu wasu kamfanonin haƙar ma'adinai masu alaƙa da Ostireliya sun yi ƙarar lauyoyin muhalli 3 da 'yan gwagwarmaya 3 suna neman sama da rand miliyan 14. A watan Nuwamban 2022 Kotun Tsarin Mulki ta amince cewa mutum na iya kare kansa da hujjar cewa ƙarar toshe baki ce, domin wasa ne da hurumin kotu. Tarayyar Turai ma ta zartar da tata dokar a 2024, ana yi mata laƙabi da sunan Daphne Caruana Galizia, 'yar jaridar Malta da aka kashe da bam a motarta a watan Oktoban 2017, lokacin da ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 ke rataye a wuyanta. Ki tambayi lauyanki ko kotunan ƙasarku suna karɓar hujjar wasa da hurumin kotu, ko da babu doka ta musamman.

Malamar Kimiyya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta amsoshinku fiye da sau biyar.

Barista, na bi shawararka. Jiya na zauna da wata lauya daga wata ƙungiyar kare muhalli, ta karanta takardar tsaf, ta ja layi a ƙarƙashin jimlar nan da kuka nuna min. Ta tambaye ni, "Malama, wa ya gaya miki an ba jami'ai kuɗi?" Na buɗe baki na rasa abin cewa. Ba wanda ya gaya min. Na ga sun ƙi zuwa ne, raina ya ɓaci, na cike sauran da zato. Ni da nake gaya wa ɗalibai kullum kada su rubuta sakamakon gwajin da ba su yi ba.

Yallaɓai Manaja, maganarka ta yi min zafi da farko, amma ita ta fi zama a raina. Na tuna mutum 18 ɗinka. Akwai iyayen ɗalibaina da ke aiki a wannan masana'anta, kuma ban taɓa fatan a rufe ta ba. Bututun nake so a rufe. Sai dai ban yarda cewa lamarinmu ɗaya ba ne. Da gaskiya suke nema, da sun amsa wasiƙunmu biyu, ko su ce in zo a buɗe ciyawar nan a gaban kowa.

Baba Edita, labarin da ka ce ka jefa a aljihun tebur ya sa na zubar da hawaye. Ban san ko ina da ƙarfin Helen Steel ba, ina da yara uku, kuma shekara 15 ba wasa ba ce. Ban yi alƙawarin zan kai ƙarshe ba. Na dai san ba zan sa hannu a kan cewa abin da na gani da idona ban gan shi ba.

Ga inda muka tsaya. Lauyar ta rubuta musu amsa yau: na janye zancen toshe bakin jami'ai da zancen cewa sun sani, don ba ni da shaida a kansu, kuma zan rubuta hakan a fili da kalmomina. Hotuna da bidiyo suna nan ba za a goge ba. Alƙawarin shiru na har abada kuma ba zan yi ba. Ta kuma gayyace su su turo wakili a ɗebi ruwan tare. Sauran mutum biyun da aka aiko wa takarda, ɗaya ya bi sahuna, ɗayan ya ce zai ba da haƙuri saboda ɗansa na neman aiki, na ce masa Allah ya taimaka, ba komai a tsakaninmu.

Na je wurin shugaban makarantarmu da kwafin amsar. Ya karanta a tsaye, ya ce muddin ban shigo da zancen cikin aji ba, shi ba ruwansa da wasiƙar kamfani. Iyayen yara huɗu sun yarda a kai su asibiti ranar Alhamis, har da yaron da ya fara nuna min hannunsa.

Gobe da asuba za mu je rafin da ma'aikacin ɗakin gwaji da shaidu biyu, ya ce shi zai zo da kwalaben, a rufe su a sa hannu a wurin. Ɗazu da yamma ƙawata da ta kira ni tana kuka ta turo min saƙo. Ba ta dawo zauren ba, ta ce ba za ta iya ba tukuna. Ta tambaye ni ƙarfe nawa za mu fita, wai in biyo ta ƙofar gidanta, za ta riƙe mana fitila.